Mai Wasa Takalma

Miƙo takalman, Corwin, ka zauna kan akwatin nan.
Motarka sai asuba, dutsena kuwa bai gaji ba.
Shekara talatin da ɗaya ke nan a wannan ɗaki
ina wasa ƙarfen takalman 'ya'yan Saskatchewan,
ni da a da ake biyan kuɗi a kalli wasana.

Ka ga kofin can a kan taga?
Haƙora huɗu ne a ciki, na roba.
Na ainihin ƙwallon gora ta karɓe su a Moose Jaw
ran da jarida ta fara buga sunana,
ta kuma rubuta shi ba daidai ba.

Kuɗin farko da suka shigo hannuna
na kai wa dillali, na fito da jar mota
mai rugugi kamar hadarin Yuli.
Sau uku na zaga garin nan don Darlene ta gani.
Ta gani. Ta auri mai gyaran famfo.
Hunturu biyu tsakani gwiwata ta ce ƙaras,
mota ta koma inda ta fito,
ni na koma ɗakin babana da sanduna biyu,
babu ta wasa ko ɗaya.

To, buɗe kunne.
In sun ba ka goma, ɗauka shida aka ba ka.
Biyu na gwamnati ne, ko ka so ko ka ƙi.
Biyu na wani dattijo ne mai ɗingishi
da zai riƙa amsa sunanka nan da shekara arba'in.
Kada ka cinye masa rabonsa.

Mai kwat zai zo da takarda, baki kamar zuma,
ya ce sa hannu nan, sauran duk al'ada ce.
Kai wa mahaifiyarka.
Matar da ke awon alkama a rumbun gari
ba a tauye mata mudu.
Shekara goma sha ɗaya tana tashi ƙarfe huɗu
tana kankare gilashin mota don ka iso kan lokaci;
ta isa ta karanta ƙananan rubutun.

Za su ajiye ka a benci. Ina gaya maka, za su ajiye ka.
Nan kai ne zakara; can kowa zakaran garinsu ne,
akurkin kuma ɗaya.
Ran da koci ya wuce ka kamar bai taɓa ganin ka ba
kada ka kumbura.
Zuba wa mai tsaron bayansu ido,
ka gano ɓangaren da juyi ke yi masa nauyi.
Benci ma makaranta ce, sanyi ne dai gare ta.

Lorne Bilyk ya fi ni hannu, ya fi ka gudu.
Ba gwiwa ta kayar da shi ba.
Ƙwallo ɗaya ya ɓarar ran wata Talata
ya yi ta buga ta a ransa har bazara.
Kai dai ba murna dare ɗaya, ba takaici dare ɗaya,
gari na wayewa ka ɗaura igiyar takalmi.

In kanka ya bugu, fitila ɗaya ta zama biyu, faɗa.
Haƙori akwai na sayarwa.
Ƙwaƙwalwa babu.

Ka kuma koyi wani abin da ba ya narkewa a Afrilu:
walda, lissafi, haɗa wayar wuta,
ko ma wannan dutsen nawa.

Ungo. Taɓa da farce, a hankali.
Kaifi biyu ne, da ɗan kwari a tsakani.
In na zurfafa, ya ciji ƙanƙara ya rage maka gudu;
in na yi sake, ka zame a kwana.
Ma'auni bai taɓa nuna mini daidai ɗin ba,
da kunne nake jin sa.

Mayar da kuɗinka aljihu.
Ka biya ni da Kirsimeti,
in ka shigo da ƙafafunka biyu.
Ja ƙofar da kyau, iska na shigowa.